An fi ni albashi wai don shi magidanci ne: ina mafita?

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana da waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Shekara shida ke nan ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a birnin Kano, kuma ni ce nake shirya ɗaliban ajin ƙarshe domin jarrabawar WAEC da NECO. A ƙarshen watan jiya na shiga ofishin akawu domin sa hannu, na tarar ya tafi sallar Azahar ya bar takardar albashi a buɗe a kan tebur, sai idona ya sauka a kan sunan wani malami da aka ɗauka shekara biyu bayana. Digirinmu iri ɗaya ne, darussan da nake ɗauka a mako sun fi nasa, amma albashinsa ya ɗara nawa da naira 15,000.

Na kwana uku ina juya maganar a raina kafin na tunkari mai makarantar. Bai musa ba. Cewa ya yi: "Malama, shi fa magidanci ne mai mata da 'ya'ya huɗu, ke kuwa cinki da shanki da suturarki duk suna wuyan maigidanki." Ya ƙara da cewa kujerar mataimakin shugaban makaranta da za a cike ma kada in sa rai, domin ba a san ranar da zan sake tafiya hutun haihuwa ba. Shin doka ta yarda da wannan, kuma me ya kamata in yi ba tare da na rasa aikin ba?

Abu Sadik:

Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya ba ki haƙuri, amma ina ganin ya kamata a duba ɓangaren mai makarantar ma. Ranar da aka ɗauke ki an faɗa miki adadi kin amince, kuma bai rage miki ko kwabo daga abin da kuka yi yarjejeniya a kai ba. Idan malama ta tafi hutun haihuwa, dole ya nemo wanda zai riƙe ajinta ya biya shi. Sannan gaskiya ne cewa a addini da al'adarmu nauyin ciyarwa a kan namiji yake, don haka ba na ganin tausaya wa mai iyali a matsayin zalunci.

Hajiya Mai Ritaya:

Malam Abu Sadik, da girmamawa, hujjar ciyarwa ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Da a ce buƙata ce ma'aunin albashi, da gwauro ya karɓi ƙasa da mai mata biyu, kuma da bazawarar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu biyar ta fi kowa albashi a makarantar. Ban taɓa ganin inda aka yi haka ba. Albashi ladan aiki ne, ba sadaka ba ce da ake rabawa gwargwadon yawan bakuna, kuma aya ta 32 ta Suratun Nisa'i ta bayyana cewa maza suna da rabo daga abin da suka aikata, mata ma suna da nasu rabon. Wajabcin ciyarwa magana ce tsakanin miji da matarsa, bai zama rangwame ga wanda ya ɗauke ta aiki ba.

Ni na yi shekara 35 a aikin gwamnati, kuma abin da nake so 'yata mai tambaya ta gane shi ne, maganar kujerar da aka hana ta ta fi ta naira 15,000 muhimmanci. A gwamnati mace da namiji da ke mataki ɗaya albashinsu ɗaya ne a takarda, to amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ana zaɓen waɗanda za a tura kwas ko rangadin aiki, inda alawus da ƙwarewa suke, sai a tsallake sunan mace ba tare da an tambaye ta ba, a ce ai mijinta ba zai bari ba. Sau biyu aka yi mini haka, alhali maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ne ma yake kai ni tasha idan tafiya ta kama. Shawarwari da dama kuma ba a ofis ake yanke su ba, a majalisar bayan La'asar ko ta bayan Isha'i ake gama su, inda mace ba ta zama. Bayan shekara goma sai a buɗe fayil a ce wane ya fi ki gogewa, alhali da gangan aka ba shi damar gogewar.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. Claudia Goldin, wadda ta sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta nuna cewa a Amurka gibin da ke tsakanin kuɗin shigar maza da na mata masu sana'a iri ɗaya yana buɗewa ne sosai daga haihuwar ɗan fari. Idan kuwa haihuwa ce za ta hana mace shugabanci, da Mai Shari'a Aloma Mukhtar da sauran matan da suka biyo sawunta ba su sami hanyar hawa ba, ga shi ta zama Alƙaliyar Alƙalan Nijeriya a 2012.

Ɗan Kotu:

Malama, ga abin da doka ta ce. Sashe na 17(3)(e) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci biyan lada ɗaya ga aiki ɗaya ba tare da bambancin jinsi ba, sai dai yana cikin Babi na Biyu, wanda ba a iya kai ƙara a kansa kai tsaye, saboda haka shi kaɗai ba zai wadatar ba. Abin da ya fi ƙarfi shi ne Yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka tsara a 1951 a kan daidaiton lada, Nijeriya kuma ta amince da ita a 1974. Tun bayan gyaran da aka yi wa tsarin mulki a 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron ƙarar nuna bambanci a wurin aiki, da kuma amfani da irin waɗannan yarjejeniyoyi da ƙasar ta amince da su. Kotun tana da reshe a Kano.

Game da abin da Malam Abu Sadik ya kawo, hutun haihuwa ba alfarma ba ne. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya tanadi mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, tare da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki, kuma ya hana a kore ta saboda wannan hutun.

Duk da haka ba zan ce ki fara da kotu ba, domin shari'a tana cin lokaci da kuɗi, kuma maganar da mai makarantar ya faɗa miki da baki ce, idan ya musa ba ki da shaida. Ki rubuta masa takarda cikin ladabi kina neman a sake duba albashinki, ki lissafa shekarunki da yawan darussanki da sakamakon ɗalibanki a WAEC, sannan ki nemi kujerar mataimakin a rubuce kamar yadda kowa zai nema, ki ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Kada ki ambaci takardar da kika gani a tebur, don kada a huce a kan akawun da bai ji ba bai gani ba.

Uwar Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, kin taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi, domin bara an tura malamai uku taron horaswa a Kaduna, ban ji labari ba sai da suka dawo. Na tattara sakamakon ɗalibaina na shekara huɗu, kuma na yi magana da wasu malamai mata biyu da suka ce za su rubuta nasu takardun, mu miƙa rana ɗaya ranar Litinin in Allah ya yarda. Malam Ɗan Kotu, wani abu ya rage mini: ba a taɓa ba ni takardar ɗaukar aiki ba, sai dai saƙon banki da ke shigowa wayata duk wata. Shin wannan zai isa shaida cewa ni ma'aikaciyarsu ce tun shekara shida?