Wai PCR ya kashe rinin antibodi? Ban yarda ba

Mai Madubi: Yau raina ya ɓaci wallahi. Wani ya ce min aikin rini da muke yi, wato ɗiga antibodi (sinadarin garkuwar jiki da ke manne wa ƙwayar cuta) a kan yankan nama don gano bairos tsohon yayi ne, wai PCR, gwajin da ke neman DNA ɗin bairos, ya gama da shi. To PCR zai ce maka bairos ɗin da ake kira CMV na nan, alhali mutane da yawa suna ɗauke da shi yana kwance ba ya musu komai, shi kuwa rini ainihin ƙwayar halittar hanjin da bairos ɗin ya shiga zai nuna maka, ta yi ruwan ƙasa a madubin duba ƙananan halittu kana kallonta da idonka. Wannan shi ne tabbas.

Ɗalibar Lab: Malam tabbas ɗin nan fa ya yi yawa. In naman ya daɗe a formalin, ruwan maganin da ake adana shi a ciki, antibodin ya ƙi kamawa fa, sai a ce ba cuta?

Mai Madubi: Shi ya sa ake dafa gilashin da naman ke kai kafin rini, kuma ana rina wani naman da aka san yana da cutar a gefe.

Baban Yara: Tabbas na Allah ne kaɗai, ku gyara kalamanku.

Ɗalibar Lab: Ni ba can na nufa ba Baba, ɗan tsinken nama ake ɗebowa, yana iya kuskure inda cutar take.

Na Malam: Ke yaushe kika fara riƙe madubi da za ki yi wa Malam gyara? Ciwon haukan kare ma har gobe da antibodi mai ƙyalli ake duba ƙwaƙwalwar dabbar, dabarar da Albert Coons ya fito da ita tun 1941.

Ɗalibar Lab: Yaya, tambaya ba rashin kunya ba ce. Da shekaru ake karanta gilashi?

Baban Yara: Ni ma an taɓa min gwajin antibodi, jini kawai aka ɗiba, ba wanda ya yanke ni.

Na Malam: Baba wancan daban, naka antibodin aka nema a jininka. Nan mu ke zuba namu ya nemo bairos. Ita dai ta ba Malam haƙuri.

Ɗalibar Lab: Haƙurin me?

Admin: Ya isa haka. Abin da na gani, Malam ya kawo hujja, ba wanda ya iya rushe ta, sauran duk jan magana ne kan kalma ɗaya. Ƙanwata ki riƙa sassauta harshe. Na rufe.