Gindin tukwanena ya yi baƙi, wane haɗi zan yi a gida?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka min da shawara. Wata 4 ke nan da tarewata, tun da gas ya yi tsada muka koma icce, gindin tukwanena duk ya yi baƙi ƙirin. Soson ƙarfe karce su yake, hannuna kuma har ya fara tsagewa. Jiya na jiƙa kanwa a tukunyar alminiyam ta kwana, da safe na tarar cikinta ya dafe. Kunya nake ji dangin miji su leƙa kicin ɗina.

Maman Ilham: Amarya, maganin yana cikin murhunki. Ki ɗebi tokar icce ki tankaɗe da rariya mai laushi don kada tsakuwa ta karce miki. Cokali 4 na toka, cokali 1 na sabulun salo da kika narkar a ruwan ɗumi, ki kwaɓa ya yi kauri kamar man shafawa. Ki shafe gindin, ki dirje da soson buhu.

Hajiya Babba: 'Yata, kanwar ce ta ɓata miki. Alminiyam ba ya shiri da kanwa, ko tokar ma kada ki bari ta daɗe a jikinsa, ki dirje ki ɗauraye nan take. Cikin da ya dafe kuwa, ki jefa tsamiya ko ɓarin lemun tsami a ruwa ya tafasa kamar minti 15, za ki ga ya washe. Mu da muka tsufa a gaban murhu, sabulu muke shafa wa gindin tukunya kafin mu ɗora. Hayaƙin a kan sabulun yake zama, wanki ɗaya ya fita. Yaran yanzu ba ku son jin wannan.

Umman Sadik: Ni bekin soda nake amfani da shi, ba bekin fauda ba, a lura. Rabin kofi, cokali 2 na sabulun ruwa, sai ɗan ruwa har ya haɗu. Yana fitar da sinki da tayil tas. Masu matsa lemun tsami a ciki, kumfar kawai ke burge su, don biyun kashe ƙarfin juna suke. In kina son ya ƙara kaushi ki daka busasshen ɓawon ƙwai ya yi lukui ki zuba, amma ban da tukunyar nonsitik, zai kankare mata rufin.

Anti Nas: Ko da wasa kada a haɗa bilic da lemun tsami ko binega, iskar da ke tashi guba ce, tana shaƙe ƙirji. Ki sa safar hannu, ki riƙa shafa man kaɗanya bayan wanke-wanke.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Hajiya, na tafasa tsamiyar, wallahi cikin ya yi fari. Sabulun da za a shafa a gindin, busasshe ko jiƙaƙƙe?

Hajiya Babba: Jiƙaƙƙe, ki bari ya ɗan sha iska kafin ki ɗora.