Asibitin koyarwa mai nisa ko cibiyar kusa da gida? Neman shawara kan horon tiyata

Likitan Karkara ya rubuta:

Assalamu alaikum manyanmu da 'yan uwa. Ni likita ne a wani babban asibitin gwamnatin jiha. Na gama bautar ƙasa, na kuma ci jarrabawar matakin farko ta tiyata a kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, wato WACS. Burina in ƙware a tiyata ta gama-gari.

Hanyoyi uku ne a gabana. Ko dai in jira a buɗe ɗaukar likitoci masu neman ƙwarewa a ɗaya daga cikin manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, ko na ABU da ke Shika, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wanda ba ni da tabbacin rana. Ko in karɓi gurbin da nake sa ran samu a wata cibiyar lafiya ta tarayya da ke kusa da garinmu, inda mahaifiyata take, ga ta da hawan jini, ni ne kuma babban ɗanta. Sai dai an ce min amincewar da kwaleji ta ba sashensu na tiyata ba cikakkiya ba ce. Ko kuma jiharmu ta tura ni babban asibiti a matsayin ɗan ƙari, wato mai karɓar horo a can ba tare da asibitin ya ɗauke ni aiki ba, ta ci gaba da biyana albashi. Ina da iyali, yara ƙanana. Don Allah waɗanda suka bi hanyar nan su haska min.

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da cin jarrabawa. Maganar amincewar nan kada ka bar ta a kan "an ce min". Ita ce gindin komai.

Kwalejoji biyu ne ke ba da shaidar ƙwarewa a nan: WACS ɗin da ka rubuta, da kwalejin ƙasa, NPMCN, wadda aka kafa a 1979, mazauninta a Ijanikin ta Legas. Kowacce tana turo tawagarta ta duba sashe da kanta: yawan kwansaltan (ƙwararrun likitocin da suka gama horo), gadajen kwanciya, ɗakunan tiyata, sashen kula da masu tsananin jinya, ɗakin gwajin tsoka, da yawan ayyukan da ake yi. Amincewar sashe ake ba wa, ba asibiti gaba ɗaya ba. Asibiti zai iya samun cikakkiya a ɓangaren mata da haihuwa, a tiyata kuwa rabi ce. Kuma tana da wa'adi, tana ƙarewa. Haka nan ana ƙayyade adadin waɗanda sashe zai horar a lokaci guda.

Saboda haka ka je wurin shugaban sashen, cikin ladabi, ka nemi ya nuna maka takardar. Ka duba wace kwaleji ce ta bayar, yaushe za ta ƙare, kuma ta tsaya ga ƙaramin mataki ne kawai, wato horon da ake yi kafin jarrabawar kashi na ɗaya, ko ta haɗa da babban mataki, wanda ke kai mutum ga jarrabawar kashi na biyu. Tunda ta WACS ce a hannunka, amincewar kwalejin ƙasa ita kaɗai ba za ta fisshe ka ba sai in ka rubuta tasu ma. Shugaban da ya san abin da yake yi ba zai ji haushin tambayar ba. In ka ga yana kwana-kwana, to ka samu amsarka.

Rabin amincewa ba haramun ba ne. Ma'anarsa za ka yi wasu watannin a gida, sauran zagayen kuma a tura ka waje. Kafin jarrabawar kashi na ɗaya dole ka ratsa tiyatar ƙashi da haɗurra, mafitsara, tiyatar yara, ƙuna da gyaran fata, ƙwaƙwalwa, ƙirji, da wurin masu ba da maganin barci. Ƙaramar cibiya da wuya ta haɗa duk waɗannan. Ƙashi sai ka ga an tura mutum asibitin ƙashi na Dala a Kano, ƙwaƙwalwa Sakkwato, inda suke da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa. Ni dai ra'ayina, in da hali, ka fara a inda aka haɗa komai ƙarƙashin inuwa ɗaya.

Sinya Rajistara:

Cif, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa kan takarda haka yake. Amma a ba ni dama in ɗan saɓa a ƙarshen.

Ɗan'uwa, tambayar da ba a rubuta ta a takardar amincewa ita ce: idan an shimfiɗa majinyaci, wa ke riƙe wuƙa? A babban asibitin koyarwa layin yana da tsawo. Ga kwansaltan, ga manyan rajistara, wato likitocin da ke babban matakin horo, biyu ko uku da kowannensu ke neman cika littafin ayyukansa kafin kashi na biyu, ga ƙananan rajistara da ke ƙaramin mataki, ga 'yan ƙari da jihohi suka turo. Sabon shiga zai iya daɗewa yana riƙe ƙarfen buɗe ciki yana rubuta takardun sallama. A ƙaramar cibiya kuwa, da daddare kai ne za a tasa idan an kawo yaron da taifod ta huda wa hanji, ko dattijon da gwaiwarsa ta maƙale, ko murɗewar hanji, ko gyambon ciki da ya fashe. Waɗannan su ne tuwon yau da kullum na likitan tiyata a Arewa, kuma ba a koyon su da kallo.

Na san wani zai ce aiki ba mai kula da kai ba horo ba ne. Gaskiya ne, mutum zai iya shekara yana maimaita kuskure ɗaya hannunsa na ƙara sauri a kansa. Shi ya sa abin da za ka bincika shi ne ko kwansaltan ɗinsu suna shigowa ɗakin tiyata su tsaya a kanka, ko ta waya suke koyarwa. Ka samu ƙaramin rajistara a kowane wurin, ba shugaba ba, ka ce ya nuna maka littafin ayyukansa. Ka duba nawa ya yi da hannunsa ƙarƙashin kulawa, nawa ya taimaka kawai. Ka tambaye shi sau nawa ake soke jerin aiki saboda rashin wuta, ko jini, ko mai ba da maganin barci.

Abin da babban asibiti ya fi ƙaramar cibiya kuwa ba na musu: sankarar mama da ta hanji da ake zama a tattauna da masu gwajin tsoka da masu gashin sankara da na'ura, tiyatar maƙoƙo mai wuya, aikin na'urar leƙa ciki ba tare da an tsaga ba, da taron bitar mace-mace inda ake tsitsiye ka a gaban kowa har ka iya kare abin da ka yi. Masu jarrabawa irin wannan bakin suke so su ji.

Maman Ilham:

Ni ta ɓangaren gida zan yi magana, don maza kun cika tsallake shi. Likita, kana cewa kusa da Hajiya, amma ka lissafa watannin da za a tura ka waje? Na yi horona a wurin da muke da rabin amincewa. Kowane zagayen waje haya ce sabuwa, tukunya biyu, ga shi kai baƙo ne a can, sai 'yan gida sun zaɓa a bar maka saura. Wani lokacin ma sai ka jira gurbi ya samu kafin su karɓe ka, watanni na tafiya. A takarda horon shekara biyar zuwa shida ne, amma jiran gurbi, da yajin aiki, da faɗuwa jarrabawa suna ja shi. Jarrabawar sau biyu ake yi a shekara, in ta kuɓuce maka sai bayan wata shida.

Kuma ko kana gari ɗaya da ita, ranar da kake kwanan aiki ba ganinka za ta yi ba. Ku zauna da ƙannenka tun yanzu a raba ɗawainiya, a samu likitan da zai riƙa duba ta. Ka kuma faɗa wa uwargida gaskiyar abin da ke tafe. Allah ya ba Hajiya lafiya.

Ɗan Gombawa:

Kan batun ɗan ƙari, ka buɗe ido. Jiha za ta sa ka sa hannu cewa za ka dawo ka yi mata aiki na wasu shekaru, ka karanta sharuɗɗan da kyau. Sannan kuɗin tallafin horo da dokar horar da likitoci ta 2017 ta tanada, waɗanda ke kan albashin tarayya su ne ke cikin lissafi kai tsaye. Na jiha sai in jiharsa ta rungumi dokar tana kuma biya. Kuɗin jarrabawa, kwasa-kwasan bita da na koyon ɗinki da ƙulli, tafiye-tafiye zuwa Ibadan ko Legas ko Abuja, in babu tallafi duk daga aljihunka ne. Ka nemi a rubuta maka wa zai biya.

Kuma me ya sa ka tsaya kan asibitocin koyarwa uku? Akwai Maiduguri, Jos, Bauchi, Gombe. Ka nemi duk inda aka buɗe.

Malam Shiru:

Ku ƙara da wannan: ka ƙirga kwansaltan da ke nan a ƙasa, ba waɗanda sunansu ke kan allo ba. Da yawa sun tafi Saudiyya da Ingila, wasu suna hutun da ba a san ranar dawowa ba. Mai duba maka kundin binciken kashi na biyu in ya tafi a tsakiya, ka shiga uku.

Likitan Karkara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Ilham, amin, maganarki ta shige ni. Cif, tambaya ɗaya ta rage. In na fara a cibiyar nan ta kusa, na ci kashi na ɗaya, zan iya komawa babban asibiti in yi babban matakin?

Tsohon Hannu:

Ana yi, kuma ga wanda amincewar cibiyarsa ta tsaya a ƙaramin mataki ma dole ne. Amma ba haƙƙinka ba ne da za ka je ka karɓa, sai can suna da gurbi kuma sun yarda, sai kuma cibiyarka ta sake ka da albashinka. Ka tambayi shugaban sashen su waye suka bi wannan hanyar kafin kai, ina suka je, sun gama ko suna nan suna jira. Ka karɓi lambar mutum biyu daga cikinsu ka kira su da kanka. In amsoshin sun yi daɗi, kuma takardar WACS ɗin tana da sauran wa'adi, ka karɓi gurbin, na janye rabin maganata saboda Sinya Rajistara. In ba su yi ba, ka bi ta ɗan ƙari da rubutacciyar yarjejeniya, kada ka zauna jiran talla. In ka samo takardar ka turo min hotonta ta akwatin sirri in duba maka kwanan watan.