Kwanan wata yana rikita mini farashin hannun jari

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina ɗauko farashin hannun jarin Apple da GOOGLEFINANCE, fomular da ke kawo farashin kasuwa, a manhajar lissafi ta Google Sheets. Na rubuta "03/04/2024", ina nufin 3 ga Afrilu, sai ya kawo mini na 4 ga Maris. Ina matsalar take?

Malamin lissafi, Marwa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, shafinka a kan tsarin Amurka yake, su wata suke fara rubutawa kafin rana. Mu da muka taso da Faransanci rana muke farawa da ita. Ka daina rubuta kwanan wata da hannu a cikin fomula. Yi amfani da DATE(2024,4,3): shekara, wata, rana. Wannan ba ya sauyawa ko wace ƙasa aka saita. Idan ka mayar da shafin tsarin Faransa, alamar ";" za ta maye gurbin waƙafi a cikin fomula.

Hajiya, Njamena: Malam, ga abin da ya cinye mini mako guda. Ranar da fomular GOOGLEFINANCE take dawowa da ita tana ɗauke da ƙarfe 16:00, lokacin tashin kasuwar New York. A wurin kwamfuta rana lamba ce kawai: 1 ga Janairu 2024 ita ce 45292, awanni kuma ɓurɓushi ne a bayanta. Shi ya sa VLOOKUP, mai nemo bayani a cikin jeri, ya ƙi gane ranakuna biyu da a idona iri ɗaya ne. INT ne ya yanke ɓurɓushin, a Excel na Faransanci ENT ake ce masa.

Ɗan Garwa: Allah ya saka, Hajiya. To Asabar da Lahadi fa?

Malamin lissafi, Marwa: Kasuwa ba ta ci. WORKDAY(TODAY(),-1) zai ba ka ranar aiki ta baya, amma bai san hutun Amurkawa ba, kamar 4 ga Yuli, sai ka jera masa su da kanka. Kuma kada ka nemi farashin rufewa na yau da azahar. Ƙarfe huɗunsu tara ne ko goma na dare a nan.

Wani daga Gaundere: Ƙunsa fomular GOOGLEFINANCE cikin INDEX(...,2,2), farashin kaɗai zai fito. Ni tambayata, akwai wanda ya samo farashin kamfanonin BVMAC, kasuwar hannun jarin Afirka ta Tsakiya da ke Duwala, ta wannan hanya? Har yau da hannu nake shigar da su.