Westworld zango na ɗaya: lalacewa mutum-mutumin suka yi, ko da gangan aka tashe su?

Ɗan Gwandu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kammala kashi goma na zangon farko na Westworld, shirin HBO na 2016 a kan wani wurin shaƙatawa da baƙi suke biya su shiga su yi abin da suka ga dama da mutum-mutumi masu kama da mutane, amma abu biyu sun shige mini duhu. Na ɗaya, me ya sa mutum-mutumin suka fara tuna abin da baƙi suka yi musu, alhali kullum ana goge musu ƙwaƙwalwa? Na'ura ce ta sami matsala, ko wani ne ya kitsa? Na biyu, na gane William, ɗaya daga cikin baƙin, shi ne mai baƙaƙen kaya, amma da me zan bambance fagen da ya faru a da da wanda yake faruwa yanzu? Wanda bai gama kallo ba ya dakata nan, za a tona labari.

Mai Gyaran Waya, Gusau:
Wa alaikumus salam Malam. Amsar tambayarka ta farko tana cikin kalmar "gogewa". Duk mai gyaran waya ya san idan ka share hoto daga memori, hoton bai tafi ba. Sunansa kawai aka cire daga jeri, yana nan kwance sai ranar da wani abu ya hau kansa. Haka kamfanin Delos, mai wurin, yake yi wa mutum-mutumin. Baƙo ya biya dala 40,000 a rana, ya harbe su ko ya ci zarafinsu, da dare ma'aikata su kwashe gawarwakin, a ɗinke rauni, a share, a mayar da kowa kan zagayensa. Dolores, ɗaya daga cikin mutum-mutumin, ta farka a gadonta, ta gaishe da mahaifinta, ta shiga gari, gwangwanin madara ya faɗi. Gobe ma haka. Amma tsohon bayanin yana ƙasa, ƙofarsa kawai aka rufe.

Abin da ya buɗe ƙofar shi ne sabunta manhajar da Robert Ford, wanda ya kafa wurin, ya yi a kashi na ɗaya, wadda ake kira Reveries. An ce don a ƙara musu ɗan motsi irin na mutane ne, kamar yadda Clementine take shafa leɓenta da yatsa. To daga ina motsin yake fitowa? Daga tsofaffin abubuwan da aka ce an share. Kusan kashi 10 cikin 100 aka sabunta, wajen guda 200, kuma nan take alamun suka fara: shugaban 'yan sandan garin ya daskare ƙuda na yawo a fuskarsa, Peter Abernathy, mahaifin Dolores, ya tsinci hoton wata mata a tsakiyar birni ya kasa kau da kai. An gina su ne yadda duk abin da ya saɓa wa duniyarsu ba za su gan shi ba. Dolores ta kalli hoton ba ta ga komai ba, shi kuwa ya kwana yana kallo. Lura da ƙarshen kashin: ta gama shaida wa ma'aikata cewa ba za ta taɓa cutar da mai rai ba, sai ga ta ta kashe ƙuda a wuyanta.

Ma'aikatan sun ɗauka kuskure ne. Ba kuskure ba ne. Manhajar ta Arnold ce tun asali, abokin Ford da suka kafa wurin tare, Ford ya dawo da ita yana sane.

Bakabiya, Birnin Kebbi:
Ɗan uwa, a kan tambaya ta biyu, ba zamani biyu ba ne, uku ne. Akwai na Arnold, kimanin shekara 35 baya, kafin a buɗe wurin. Akwai na William da Logan, kimanin shekara 30 baya. Sai na yanzu, na mai baƙaƙen kaya da Maeve, wata mutum-mutumi, da Bernard, shugaban masu kula da manhajar wurin. Jonathan Nolan da Lisa Joy, waɗanda suka ƙirƙiri shirin, sun iya ɓoye wannan ne saboda mutum-mutumi ba ya tsufa, kuma idan ya tuna abu, sake rayuwa yake yi a cikinsa. Mu da muke bin idon Dolores sai mu ruɗe tare da ita.

Alamar da ta fi kowace ƙarfi ita ce cocin garin Escalante. In ka gan shi a tsaye da mutane suna kai da kawo ana koya musu rawa, zamanin Arnold ne. In ka ga yashi ya binne garin, tsinin hasumiyar kaɗai ya leƙo, kuma Dolores tana tare da William, shekara 30 baya ke nan. In ka ga an tone shi, to ƙarshen labarin yanzu ne, Ford ne ya sa aka haƙo shi.

Sai tufafi. Duk lokacin da ma'aikata suke bincikar mutum-mutumi, tsirara suke zaunar da shi. Amma hirar da Dolores take yi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa da wanda ka ɗauka Bernard ne, sanye take da shuɗiyar rigarta. Wannan Arnold ne. Jeffrey Wright ne ya fito a duka biyun, don Ford ya ƙera Bernard a siffar abokinsa.

Koma kashi na biyu ka duba tambarin kamfani lokacin da William ya sauka daga jirgin ƙasa, ba irin na sauran fagagen ba ne. A kashi na biyar mai baƙaƙen kaya ya yanka Lawrence don ya ƙara wa Teddy jini, kafin ka ƙifta ido sai ga Lawrence garau a Pariah yana shugabantar 'yan fashi da sunan El Lazo. Ba gyara shi aka yi da sauri ba, wani zamani ne daban. Haka a kashi na tara da Logan ya tsaga cikin Dolores, ƙarafa aka gani suna motsi, alhali na yanzu tsoka da jini gare su. Hoton da Abernathy ya tsinta kuwa na 'yar'uwar Logan ne, wadda William zai aura, daga wurin William ya faɗi.

Malamin Ƙaura:
Madalla da bayanin Bakabiya. Ina da gyara ɗaya ga ɗan uwanmu na Gusau: tuna baya shi kaɗai bai isa farkawa ba, kuma shirin ya nace a kan haka. Arnold ya zana dala mai hawa-hawa: tunawa a ƙasa, sai iya ƙirƙiro abin da ba a rubuta ba, sai son kai, saman kuma ya bar shi fayau. Ya ɗauko ra'ayin Julian Jaynes na littafinsa na 1976, cewa mutanen farko suna jin tunaninsu kamar muryar wani ce daga waje. Sai ya sa mutum-mutumin su riƙa jin umarnin manhajarsu a matsayin murya, da fatan wata rana su gane tasu ce. Da yawa suka haukace. Daga baya ya gane ba hawa ake yi ba, shiga ciki ake yi, shi ne asalin zanen ruɗaɗɗiyar hanyar nan da mai baƙaƙen kaya ya yi ta nema a banza. Ford ya ƙara da cewa sai da wahala da tsawon lokaci.

Maeve ce ta fi nuna wannan. Ta tilasta wa ma'aikatan gyara Felix da Sylvester suka ɗaga basirarta daga 14 zuwa 20, ta ƙone kanta tare da Hector don a sake gina ta ba tare da abin fashewar da ke cikin ƙashin wuyanta ba. Kai ka ce ta 'yantu. Sai Bernard ya nuna mata a allo cewa duk matakan guduwarta rubutattu ne. Abin da ba a rubuta ba shi ne saukowarta daga jirgi don neman 'yarta. A ganina wannan fagen ya fi harbin da Dolores ta yi wa Ford nauyi, domin harbin Ford ne ya share masa hanya.

Ɗan Gwandu:
Allah ya saka da alheri, yanzu na kama zaren. Zango na biyu fa, zai ruɗa ni haka?

Bakabiya, Birnin Kebbi:
Ya fi, Malam, don a can Bernard ne ya hargitsa ƙwaƙwalwarsa da hannunsa. Riƙe abu biyu: akwai kwanakin da suka biyo bayan kisan Ford, akwai kimanin mako biyu bayan haka, lokacin da ya farka a bakin ruwa. In ka ga hoton ya tsuke, baƙin layi sama da ƙasa, to cikin kwamfuta ake. Kada ka tsallake kashi na huɗu, na James Delos, da na takwas, na Akecheta, wanda akasarinsa da harshen Lakota aka yi shi. Zango huɗu ne duka, kashi 36, HBO ta dakatar da shi a Nuwamba 2022. Kuma kamar na farko, akwai tsiraici da zubar da jini da yawa, ba na kunnawa a falo gaban yara da iyaye ba ne.