Neman shawara kan tiyatar sankarar huhu

Assalamu alaikum. Don Allah likitoci ku taimaka mana. An gano mahaifinmu, mai shekara 63, yana da sankarar huhu, har ta kai tantanin da ya lulluɓe huhun. Sau uku ana zuƙe masa ruwa a ƙirji yana dawowa, yanzu ko sallah a zaune yake yi.

Wani likita ya ce mataki na 4 ne, yanka ba zai warkar ba, gara a zuba hodar talk (talc) a ƙirjin a manne tantanin don ruwan ya daina taruwa, a yi gwajin EGFR (gwajin ƙwayar halittar sankarar don zaɓen magani). Wani kuma ya ce tiyata. Mun rasa na kamawa. Yaushe tiyata ke amfani a nan? Idan huhun ya ƙi buɗewa, hodar za ta kama, ko sai an saka masa bututun fitar da ruwan?