Wace saksofon tenor ce ta dace da hannunka?

Saksofon kayan busa ne na ƙarfe mai maɓallai, tenor kuwa nau'inta ne mai matsakaicin girma da murya mai kauri. Da masu busa ta suka baje kolin ra'ayoyinsu, sunayen kamfanoni huɗu ne suka fi yawo: Selmer, Yamaha, Yanagisawa da Keilwerth.

Masoya Selmer na Faransa sun fi yabon Reference 54, wadda aka ƙera bisa salon tsohuwar saksofon ɗin kamfanin, Mark VI ta 1954. Muryarta na da kauri da ɗumi, sai dai kuɗinta ba na wasa ba ne. Yamaha 82Z da 875EX kuwa, an yaba musu wajen daidaiton sauti da sauƙin busawa, ko da yake wasu na ganin muryarsu ta cika tsafta. Ni ban ɗauki wannan aibi ba. Yanagisawa T-WO20 ta tagulla ta sha yabo kan laushin maɓallai. Yatsa na sauka, ta amsa.

Keilwerth SX90R ta Jamus ce ta raba kawuna. Ƙararta cike take, amma mai ƙananan hannu zai ji ɗan yatsansa na miƙewa kafin ya kai maɓallan ƙasa.

Inda bakin masu busa ya zo ɗaya: ka tafi gwaji da bakin busarka da ka saba, ka busa ƙananan sautuka a hankali. Nan ake gane wadda iska ke zurarewa.